Fom ɗin ƙididdiga daga hedikwata: wai akwai mai duba lambobin nan kafin a ware wa laburare kuɗi?

Mai Jiran Kanta ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin harkar kasafi da waɗanda suka daɗe a aikin laburare ku taimaka min da shawara, abin nan ya tsaya min a rai tun shekaranjiya.

Ni ma'aikaci ne a reshen laburaren jiha da ke wata ƙaramar hukuma, ba sai na kama suna ba, shekarata uku kenan a wajen. Mu huɗu ne, ni da ogana da ya kusa ritaya da masinja da maigadi. Duk ƙarshen shekara hedikwata sukan aiko da fom shafi biyu a cike musu, littafi nawa gare ku, mutum nawa suka yi rajista, littafi nawa aka bada aro, ma'aikata nawa, jarida kala nawa ake kawo muku. Shekara biyun da suka wuce oga ne yake cikewa ban ma san yadda yake yi ba, toh bana ciwon ido ya matsa masa sai ya miƙo min yace in ɗauko na bara a fayil in kwafe in ɗan ƙara kaɗan kaɗan a ko'ina, wai kar a ga kamar zaman banza muke. Da na buɗe fayil ɗin sai naga ikon Allah, ashe shekara da shekaru haka ake yi, duk shekara littafi ƙaruwa yake a takarda alhali ni tunda nazo ko kwali ɗaya ba a sauke mana ba, sai ma raguwa, don damina biyu da suka wuce rufin kusurwar gabas yayi yoyo ya jiƙa kanta guda sukutum, ga gara ta cinye layin ƙasa, akwai wasu manyan kundaye masu jan bango da in ka ɗaga ɗaya sai gari ya zubo maka a ƙafa. Duk suna cikin lissafi. Rajista kuma tun daga littafin farko ake tarawa ba a taɓa cire kowa ba, akwai waɗanda suka yanki kati suna firamare yanzu sun aurar da 'ya'ya, wasu ma Allah yayi musu rasuwa amma a fom suna nan a matsayin masu karatu.

Abin da yafi ƙona min rai shine aikin da muke yi na gaskiya bashi da gurbi a fom ɗin kwata kwata. In lokacin JAMB da WAEC da NECO ya matso kafin ƙarfe tara kujeru sun ƙare, yara har tabarma suke shimfiɗawa a baranda, kowa da littafinsa da fasƙwesin ɗinsa yazo dashi daga gida, abin da suke nema wajen da babu hayaniyar ƙanne da aike, da fanka in an kawo wuta. Ranar Asabar akwai matan aure masu karatun NCE na ƙarshen mako da suke haɗuwa su yi bita. Akwai wani dattijo da yake zuwa in karanta masa takardun fansho. Duk cikinsu babu mai aron littafi, kuma ban ga laifinsu ba, me za su ara? littafin kimiyyar da aka daina aiki da manhajarsa tun kafin a haife su? Don haka in na rubuta aron gaskiya lambar abin kunya ce, duk wanda ya gani zai ce a rufe wajen nan a maida shi sito.

Tambayata anan, wai da gaske akwai wanda yake zama ya duba lambobin nan kafin a ware kuɗi ko kawai fayil ake cikawa? In na rubuta gaskiya lambar ta faɗo ƙasa warwas ba zan jawo mana a yanke ɗan abin da ake bamu ba? Kuma ta ina kuɗin laburaren jama'a ma yake fitowa, don wani abokina yace min ai TETFund na bada kuɗin laburare mu ne bamu nema ba. Bana son in saɓa wa oga don mutumin kirki ne kuma sa'an mahaifina ne, amma hannuna ya ƙi rubuta ƙarya.

Tsohon Akanta ya rubuta:

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah yayi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka sa hannu. Na yi aikin gwamnati har na ajiye, kuma kusan rabin shekarun a sashen kasafi na yi su, bari in faɗa maka yadda abin yake tafiya daga ciki.

Kasafin kowace hukuma kashi uku ne. Akwai albashi, akwai kuɗin gudanarwa da muke cewa obahed, akwai manyan ayyuka wato kafital. Albashi shi yana fita ko an karanta littafi ko ba a karanta ba. Jarida da man janareta da tsintsiya da biro suna cikin obahed. Sayen littafi da gyaran rufinku yawanci kafital ne, kuma nan ne ake yanka. A yawancin jihohi hukumar laburare a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi take, kaga kenan kwano ɗaya kuke ci da ciyar da 'yan makarantar kwana da kuɗin jarrabawa da ginin ajujuwa, ka faɗa min wane kwamishina ne zai bar yara da yunwa ya sayi kundi. Wajen tsakiyar shekara ma'aikatar kasafi take fitar da sakula ta gaya wa kowa iyakar abin da zai iya nema, sai kowa ya matse buƙatunsa a ciki, sannan a je kare kasafi, na farko a ma'aikata na biyu a gaban kwamitin majalisar jiha. Bayan gwamna ya sa hannu ma ba a gama ba, sai an rubuta memo an samu amincewa, sannan ofishin babban akanta ya ce akwai kuɗi a ƙasa. Shi yasa kullum nake cewa lamba uku ce, abin da aka nema, abin da aka amince, da abin da aka saki. Mutane suna jin ta biyu a rediyo su yi ta murna, ta ukun kuwa wani lokaci sifili ce har shekara ta ƙare.

Toh maganar ko ana duba fom ɗinka. Gaskiya ɗaya ce, fom ɗin reshenku shi kaɗai ba lallai wani babba ya taɓa buɗe shi ba, amma jimillar rassan ita ake zubawa a takardar da shugaban hukumarku zai riƙe ranar kare kasafi, kuma nan ne ƙarin da oganka yake yi don taimako yake zama cuta. Bari in tona asirin kaina. Wata shekara wata hukuma irin taku ta kawo buƙatar sayen littattafai, ina dubawa sai naga a rahotonsu na shekara huɗu a jere littattafansu ƙaruwa suke alhali na san sarai ko kwabo ba mu sake musu ba a wannan layin, sai nace wa abokin aikina kaga waɗannan suna da masu basu kyauta, na ja jan biro na rage layin na kai kuɗin wani waje. Babu wanda yayi min musu don takardarsu ce ta faɗi haka. Sai bayan shekaru da na raka jikata wani reshen nasu naga kantocin da idona, wallahi ranar ban ji daɗin abincin dare ba. Wanda ya rubuta cewa ya ƙoshi ai ba a zuba masa ƙari.

Sannan ka kula da kanka. Littafi kayan gwamnati ne, yana cikin rajistar kaya kamar tebur da kujera. Ranar da odita zai zo da fom a hannu ya ce a nuna masa abin da aka rubuta, wanda ya sa hannu na ƙarshe shi za a tambaya ina sauran, oganka kuma lokacin yana gida yana jiran fansho. Waɗanda ruwa da gara suka lalata ba kai za ka zubar da su da kanka ba, rubutawa za ku yi a turo kwamitin duba kaya su gani su bada izinin cire su daga lissafi, ka ajiye kwafin takardar da hotuna.

Abokinka kuma ya haɗa abu biyu. TETFund bisa dokar 2011 manyan makarantun gwamnati kawai take yi wa hidima, jami'o'i da foliteknik da kwalejojin ilimi, laburaren da take ba kuɗi nasu ne. UBEC kuma, hukumar ilimin bai ɗaya, da ke karɓar kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya tun dokar 2004 ta firamare da ƙaramar sakandare ce. Ku laburaren jama'a kun faɗa tsakani, uwarku da ubanku baitulmalin jiha, sai ɗan abin da ƙaramar hukuma ko wani ɗan majalisa ya ga dama ya yi da aikin mazaɓa.

Abu ɗaya da ya canza tun bayan shirin SFTAS na Bankin Duniya, na sa jihohi su riƙa bayyana yadda suke kashe kuɗi, da aka fara a 2018 shine jihohi sun koyi ɗora kasafinsu a intanet da rahoton abin da aka kashe duk wata uku. Ka nemo na jiharku a waya, ka gangara har layin hukumar laburare, za ka ga abin da aka amince da abin da aka saki gefe da gefe. Ka kwafe na shekara uku a takarda, ya fi maka duk wani jita jita na ofis.

Dan Adawa ya rubuta:

Hhhh Baba akanta Allah ya kara girma amma ni dai ban yarda ba. Wai lamba ce zata kawo kudi a kasar nan? Ku je Abuja ku ga hedikwatar laburaren kasa, tun 2006 aka bada kwangilar ginin akan sama da naira biliyan 8, shugaban kasa nawa akayi tun daga lokacin, har 2025 ba'a gama ba sai da takai uwargidan shugaban kasa ce tace duk mai son yi mata kyautar cika shekara 65 ya zuba kudin a asusun karasa ginin. Shin suma fom ne basu cike daidai ba? Laburaren da aka kafa da doka tun 1964 kenan fa, uwa ga duk na kasar, balle wani reshe a karamar hukuma da gara take ci. Dan uwa ka cike musu abin da oga yace ka kwana lafiya, in kuma kana son rufi ka nemi wanda ya san dan majalisar yankinku ko ka dauki bidiyon yaran nan a baranda ka dora a Facebook ka ga yadda za'a zo da gudu, yan siyasa kunya suke tsoro ba lissafi ba. Kuma tsakani da Allah yanzu wa yake zuwa laburare, komai na cikin waya.

Malamar Katalog ta rubuta:

Ɗan Adawa tambayarka ta ƙarshe ai ita ce dalilin da yasa ake ƙirga. Kace wa yake zuwa laburare, shi kuma mai tambaya yace yara har baranda, toh tsakanin ku biyu wa za a gaskata in babu rubutu? Bidiyo na rana ɗaya ne, za a ce ai tara su aka yi.

Ƙanina mai tambaya, shekarata sun haura ashirin a aikin nan, na yi na jama'a kafin na koma na makaranta, kuma matsalarka ba taka kaɗai ba ce, fom ɗin ne ya tsufa. An tsara shi ne tun lokacin da ake ganin aikin laburare shine tara littafi da bada aro. Akwai ma'aunin duniya na ƙididdigar laburare, ISO 2789, shi ya bambanta mai rajista da mai aro na yanzu, wato wanda ya ari aƙalla abu ɗaya a cikin shekarar da ake ba da rahoto, kuma ya ɗauki shigowar mutum cikin ginin a matsayin abin ƙirga mai zaman kansa ko ya taɓa littafinku ko bai taɓa ba. Haka ma taswirar laburaren duniya da IFLA, ƙungiyar laburare ta duniya, ta ƙaddamar a 2017, cikin abin da take tambayar kowace ƙasa akwai yawan ziyara da yawan wuraren da ke da intanet, ba aro kaɗai ba. Kaga yaran JAMB ɗinka a idon masana harkar sune kasuwar, fom ɗin ne bai san da su ba.

Ga abin da zan yi da ni ce kai. Ka sayi littafin rubutu mai kauri ka ajiye a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo a ja layi ɗaya, na biyar a gicciye, kar ka ce sai kowa ya rubuta suna da sa hannu don rabi za su wuce ba su rubuta ba, 'yan mata ma wasu ba sa son barin suna a inda kowa zai gani. Ka raba shafin biyu maza da mata. Waɗanda suka fita salla suka dawo ka yanke hukunci ɗaya a kansu, ko ana sake ƙirga su ko ba a yi, ka rubuta hukuncin a bangon littafin kar ya canza da canjin mai gadi. In kullum zai yi muku nauyi ka zaɓi mako guda a kowane wata uku, amma dan Allah kar ka ɗauki makon jarrabawa ka ninka shi sau 52, wannan ma ƙarya ce da ta sa babbar riga. Sau uku a rana, hantsi da azahar da la'asar, ka zaga ka ƙirga kujera nawa ke da mutum da mutum nawa ke ƙasa. Ka rubuta ranakun da babu wuta da ranakun da ruwan sama ya kore ku.

Wanda nafi so kuma shine abin da nake kira littafin babu. Duk wanda ya tambayi wani littafi ko jarida kuka ce babu, ka rubuta abin da ya nema da kwanan wata. Lokacin da nake reshe wannan littafin ya cika kafin na aro ya kai rabi, kuma ranar da wani babba ya kawo ziyara shi na miƙa masa, ya tsaya yana ta buɗawa, littafin lissafi na babbar sakandare ya fito ya fi a ƙirga, littafin koyon jinya, jaridar Hausa, littattafan hikaya na matan nan da suke rubutu yanzu. Lambar aro ƙarama tana cewa mutane ba sa karatu, amma in ka ajiye littafin babu kusa da ita sai maganar ta juya ta koma kanta ce ba ta da abin da ake nema.

A fom ɗin kansa ka rubuta lambar gaskiya, littafi ka kasa shi uku, masu amfani, waɗanda suka tsufa, waɗanda suka lalace, rajista kuma ka rubuta waɗanda suka sabunta kati a bana daban. Sai ka liƙa shafi ɗaya na ƙarin bayani a baya. Hedikwata ba za su ji daɗi ba da farko don jimillarsu za ta faɗi, ka shirya wa wannan.

Wani abin da ke bani takaici, mu a arewa ba baƙin abin nan ba ne. Tun lokacin yaƙin duniya na biyu En'e En'e suke da ɗakunan karatu inda ake zuwa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo a ji labarin yaƙi, a 1952 aka kafa laburaren yankin arewa a Kaduna, a 1963 har ƙwararre aka ɗauko daga Ostireliya, F. A. Sharr, ya zaga ya rubuta rahoto kan buƙatun laburare na arewa. Wato shekara sittin da suka wuce an san sai an auna kafin a yanka. Yau muna da ƙungiyar ma'aikatan laburare tun 1962 da hukumar yi musu rajista da aka kafa da dokar 1995, amma duk abin da za su kai gaban gwamnati daga irin fom ɗinka yake tasowa, in tushen kwafe ne har saman kwafe ne. Afirka ta Kudu tun 2007 gwamnatin tarayyarsu take ba larduna wani kuɗi na musamman da ba a taɓa shi sai don laburaren al'umma, kuma sharaɗinsa kawo rahoto akai akai. Da za a ce gobe za a yi irinsa a nan, da wace lamba za mu je?

Baƙon Birmingham ya rubuta:

Salam. Ina Ingila shekara tara kenan kuma yarana kusan a laburaren unguwa suka koyi karatu, bari in ɗan sa baki don kar a ɗauka lamba maganin komai ce. Nan doka ce tun 1964 ta wajabta wa kansiloli, wato ƙananan hukumomi, su samar da laburare wadatacce, kuma ƙirga kam ba a magana, ƙofa ma na'ura ce ke lissafa duk wanda ya gifta, wata cibiyar akantoci CIPFA ta daɗe tana tattara alƙaluman duk shekara. Duk da haka alƙalumanta na 2019 sun nuna kusan rassa 800 aka rufe tun daga 2010 saboda tsuke bakin aljihu. A garin da nake an gina katafaren laburare na kusan fam miliyan 188, Malala ce ta buɗe shi a 2013, ba a yi shekara biyu ba aka rage awannin buɗewa daga 73 zuwa 40 a mako don babu kuɗin riƙe shi, a 2023 kuma kansilar garin gaba ɗaya ta bayyana cewa asusunta ya karye. Kaga Ɗan Adawa yana da gaskiyarsa, in babu kuɗi ko babu niyya lamba ba ta hana yanka.

Amma bambancin da na gani, nan in za a rufe reshe sai an fito da alƙaluman an yi shawara da jama'a, kuma mutanen unguwa da lambar suke faɗa, su ce ga yara kaza da ke zuwa, ga tsofaffi kaza da ba su da intanet a gida, wani lokaci su ci nasara wani lokaci a basu wajen su riƙe da 'yan sa kai. A gida kuwa reshe mutuwa yake a tsaye babu wanda ya sanar, don a takarda yana nan yana bunƙasa.

A Amurka kuma sama da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin laburaren jama'a daga ƙananan hukumomi yake fitowa, galibi harajin gidaje, na tarayya bai kai kashi 1 ba, amma duk shekara IMLS, hukumar tarayya mai kula da laburare da gidajen tarihi, tana tattara bayanan laburare wajen 9,000. Wani abu da ya burge ni a tarihinsu shine attajirin nan Andrew Carnegie da ya gina laburare 2,509, sharaɗinsa kafin ya ba gari kuɗin gini sai garin ya ɗauki alkawarin kashe kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ginin duk shekara wajen tafiyar da shi. Da masu gina mana ɗakin karatu da aikin mazaɓa za su ari wannan da an rage gine ginen da ake yanka ƙyalle a kulle.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya, ina bin zancen nan da daɗi. Mu nan Nijar a garuruwa da dama abin da muka sani shi ne CLAC, ɗakunan karatu da wasanni da ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci ta kawo. Tsarin shi ne komin, wato ƙaramar hukuma, ta bada gida da mai kula, su kuma su kawo littattahai da kayan wasa da na kallo. Ina ɗan lakkwal can nike wuni lokacin bakans, wato hutun makaranta, kuma ina tune da mai kula da wurin da kaye ɗinshi, wato littahin rubutu, kowa ya shigo sai ya rubuta, yaro ko babba, mace ko namiji, ƙarshen wata ya haɗa ya aika. Mu muna mishi dariya muna cewa mushe ya cika son rubutu, ashe da wannan kayen ne ake sanin inda za a ƙara kaya. Abin da ni gani shi ne in mai bada kuɗi yana tambaya to ana ƙirgawa da gaske, in ba ya tambaya sai kowa ya saki. Yanzu da ƙasarmu ta hita daga ƙungiyar a 2025 nauyin ya dawo bisa wuyanmu, sai magadan gari su koyi tambaya.

Dan Adawa ya rubuta:

Toh ai kun dawo maganata, mutumin Maradi yace sai mai kudi yana tambaya, namu basa tambaya. Amma littafin babu din nan na Malama ya shige ni ba karya, shi kam ko a bidiyo zai yi kyau. Dan uwa kayi duka biyun kawai.

Tsohon Akanta ya rubuta:

Ɗan Adawa ɗana, ka bar yaro ya bi ta ofis tukuna, ma'aikacin gwamnati ne, in ya ɗora bidiyon wajen aikinsa ba izini takardar tuhuma za a bashi kafin a bashi kwanon rufi. In bidiyo za a yi iyayen yaran ko ƙungiyar ci gaban gari su yi. Kuma mai tambaya kar ka tsallake oganka, ka zauna dashi cikin ladabi ka nuna masa maganar odita, duk wanda ya kusa ritaya ba ya son abin da zai riƙe masa takardar sallama.

Mai Jiran Kanta ya rubuta:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Malama, da sauran 'yan uwa har da Ɗan Adawa, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan azahar na samu oga na karanta masa abin da kuka rubuta tun daga sama, yayi shiru har na fara tunanin na ɓata masa rai, can sai ya tashi ya buɗe tsohuwar kabad ɗin ƙarfen da ban taɓa ganin an buɗe ba ya fito da wasu littattafan rajista guda shida ɗaure da igiya. Ashe shi ma farkon zuwansa kullum sai ya ƙirga masu shigowa da hannunsa, rana rana, har da shafin yara daban, yace shekara da shekaru yana aikawa ko na gode ba a taɓa ce masa ba, wata shekarar ma da lambar ta ragu kira aka yi aka yi masa faɗa, daga nan ya koyi ƙarawa. Wlh sai naji tausayinsa ya kama ni.

Mun tsaya akan za a rubuta gaskiya, shi zai sa hannu ni in sa a ƙasa, kuma zai rubuta takardar neman kwamitin duba kaya da kansa don yace ya fi sanin yaren da suke ji. Na nemo rahoton wata uku ukun jiharmu kamar yadda Baba yace, na ga layin namu, ba zan faɗi abin da na gani ba kar a gane jihar amma na daina mamakin rufin. Littafi biyu na saya da kuɗina, ɗaya na ƙofa ɗaya na babu, yau kafin la'asar na babu ya samu layi bakwai, huɗu duk lissafi ne.

Malama saura tambaya ɗaya, akwai wasu mutum uku abokan maigadi da suke shigowa duk ranar da aka kawo wuta su sa cajin waya su kwanta ƙarƙashin fanka, su ma ziyara ce ko in bar su? Maigadin dai ya yarda zai riƙa jan layin ƙofa amma yace sai na ɗaure masa biro da zare don na jiya har ya ɓata.